Jirgin da Ya Tafi da Shagona

Ƙannena, ni ba ɓarawo aka haife ni ba. Ɗan unguwar Rikkos ne ni, mahaifina tela, kuma shi da kansa ya kai ni wurin Oga Chidi, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran keke mai ƙafa uku a Tudun Wada. A al'adarsu yaro yakan yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru ba albashi, in lokaci ya cika a sallame shi da shago da jari. Oga ya ce da Baba, "Yadda nake yi wa 'ya'yan 'yan'uwana, haka zan yi wa naka." Wannan sallamar ita ce duk abin da nake jira a duniya.

Lokacin ya kusa sa'ad da wani makanike ya nuna min wasan jirgi a wayarsa. Ka sa kuɗi, ɗan jirgi ya tashi, muddin yana sama kuɗinka yana ƙaruwa. In ka danna kafin ya faɗi, ka ci. In ka makara, shi ke nan, ya tafi da komai.

Abin da har yau yake ruɗa ni shi ne, wallahi ban shiga da hauka ba. Dokoki na kafa wa kaina. Kuɗin abincina kaɗai zan sa. Da ya ninka biyu zan cire. In na faɗi sau uku a jere, in kashe waya. Har wa'azi nake yi wa makanikai, ina ce musu, "Ku haɗama ce take cinye ku, ni da lissafi nake yi." Ka ji wauta!

To, wata rana na cire a ninki biyu, jirgin nan ya ƙi faɗuwa. Ina kallo ya yi ta hawa, ya yi ta hawa. Na ci fa, amma na yini kamar wanda aka yi wa sata. Washegari na ce ninki uku ma ai doka ce. Da na faɗi sau uku, na ce na farkon gwaji ne, ba ya cikin lissafi. Ban taɓa karya doka ba, gyara ta kawai nake yi.

Akwai wata amana da Oga ya ba ni: in natuwok ya hana kuɗi shiga asusun shago, kwastoma ya tura a nawa, da yamma in mayar. Rannan na ce bari in ara kafin yamma. Na ci, na mayar, ba wanda ya sani. Da ma ban ci ba a ranar. Daga nan natuwok ya riƙa lalacewa a bakina kullum, ko da lafiyarsa ƙalau.

Oga ya taɓa tambayata, "Ɗana, me ya sa kake ramewa? Ko budurwa ce?" Na yi dariya. Ya ce, "Ka ƙara haƙuri, bayan Kirsimeti akwai magana." Ban ma tsaya jin wace magana ba, hankalina yana aljihu.

Asirina ya tonu ne da wani mai kekuna daga unguwar Rayfield ya biya kuɗin injuna ta asusuna, na ƙarar da shi a wasan kafin la'asar. Ina ta dannawa, ina cewa wannan karon zan dawo da duka. Mutumin ya kai ƙara. Oga ya roƙe shi, ya ƙi. Da alƙali ya tambaye ni inda kuɗin yake, na rasa abin nunawa. Ban sayi ko takalmi ba. Aka ɗaure ni.

A gidan yari na yi ta neman ranar da na zama ɓarawo, ban same ta ba. Ranar ninki uku ce? Ranar aro ce? Ban sani ba.

Da na fito na je neman gafarar Oga. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya tsayar da keke, ya ce in hau. Muka tsaya a bakin titi kusa da unguwarmu, gaban wani shago da ake sayar da taya. Ya ce, "Dubi allon." An shafe shi da sabon fenti, amma a ƙarƙashi ana iya karanta sunana. Ya ce, "Tun kafin a kama ka na biya hayarsa. Maganar Kirsimeti ke nan." Na durƙusa a wurin na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Na tuba, ina roƙon Allah ya yafe min. Kai kuma da kake cewa kana da doka, ka san lokacin cirewa, ni ma haka na ce. Wanda ya kafa dokar shi ne yake riƙe da wayar, kuma zai gyara ta. Ka goge wasan yau, ka faɗa wa wani babba a gidanku, kada ka taɓa kuɗin da ba naka ba ko da na minti ɗaya ne.

Yanzu wankin mota nake yi. Kullum da safe ta gaban shagon nan nake wucewa, kuma har yau sunana bai gama gogewa ba.