Karas ɗin Mai Gadin Lambuna

Shekarun baya, shekarar da gulbi ya cika har ya shafe fadamarmu, ruwa na janyewa na shuka karas. Ƙasar ta yi laushi kamar an tankaɗe ta. Ina da wani jan kare mai gadin lambun. Lokacin ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci a Mabera, duk takardar da na gani sai na tsaya na haɗa baƙaƙenta.

Wata rana a asibitin dabbobi na ga takarda manne a bango, da hoton kare yana gaigayar karas. Na daɗe tsaye kafin na karanto cewa karas yana goge wa karnuka haƙora, kuma ba ya sa ƙiba. Shi ne abu na farko da na karanta babu malami kusa, sai na riƙe shi gam.

Kullum da safe, raɓa ba ta bushe ba, nakan tuge biyu, in ɗauraye, in jefa masa ɗaya, in ci ɗaya. Mu zauna muna ta garas-garas, balbelu na sauka bakin ruwa, kiran sallama na tashi daga lambuna masu nisa. Abokina, maƙwabcin lambuna, yakan leƙo ya ce, "Malam, wanga kare zomo za ka maishe shi?"

Can sai karas ya fara ɓacewa. Ramuka a cikin fangalin da na shuka shi, ganye a yashe, kuma ba wanda ya ji karen ya yi haushi. Na yi dogon tunani irin na sabon mai ilimi, na ce a gaban mutane, "Ɓarawon nan, kare ya san shi."

Abokina ya dube ni. "Ni kaka nufi, Malam?"

Na yi shiru. Ya saɓa fartanyarsa ya tafi.

Bayan mako biyu na yi sammako, na tarar da mai gadina yana tono, baki duk ƙasa, yana kaɗa mini wutsiya.

Na je na ba abokina haƙuri. Ya yi dariya ya ce ya yafe, amma da rani ya zagayo, can wajen Kalambaina ya koma noma.

Takardar ba ta yi ƙarya ba, karen ya tsufa da haƙoransa farare fat. Ni ne na yi shiru a inda kalma ɗaya ta isa. Na rasa fangali huɗu na karas, da maƙwabcin shekara goma sha ɗaya.