Wasan Burtali a Ƙasar Sara

Har gobe ban manta da ranar da muka kai wasan burtali wani ƙauye a ƙasar Sara, can wajen Gwaram, ba. Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, Birnin Kudu da Gwaram duk muna ƙarƙashin Jihar Kano. Ni ƙaramin jami'in wayar da kai ne, ina da maigida a ofis, Malam Haladu, mutum mai haƙuri da tsoron rigima.

Ga yadda aikin yake, don ku yaran yanzu ku gane. Ana aiko mana da saƙo daga sama, ko na rigakafi, ko na takin zamani. Sai mu mayar da shi wasan kwaikwayo, maigida ya gani ya amince, a sanar da hakimi, sannan mu ɗauki makaɗa da 'yan rawa a Landiroba mu bi kasuwanni.

Saƙon wannan daminar shi ne a ja kunnen makiyaya kan ɓarna a gonaki. Wasan da muka saba yi mai sauƙi ne: Jauro, wato Bafillace makiyayi, ya saki shanu, a kama shi, ya yi ta karya Hausa gaban alƙali, kasuwa ta fashe da dariya. Mai fitowa a Jauro shi ne Buba, masinjan ofishinmu, wanda babu mai rawa kamarsa a ƙungiyar. Iyayensa makiyaya ne da suka daɗe da zama a gari, shi kuwa Hausa kaɗai yake ji.

Muna cikin gwaji, sai Buba ya ajiye sandarsa ya ce, "Malam, ni fa na gaji da yi wa iyayena dariya. Shanu ba su da fukafukai. In an nome burtali, ta ina za su bi su sha ruwa?"

Burtali shi ne hanyar shanu tsakanin gonaki. Ashe wani ɗan kwangila ya sayi tarakta ya haɗe burtalin yankin kawun Buba da tasa gonar.

Na kai wa Malam Haladu maganar, na ce mu sauya wasan ya koma kan burtalin. Ya ce, "Wayar da kai aka ɗauke mu, ba tayar da zaune tsaye ba." Na ce ranka ya daɗe, ba za mu ambaci sunan kowa ba, rawa ce kawai. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "To ku yi. Amma da ni za a je, in za a yi duka a haɗa da ni."

Ranar kasuwa bayan la'asar muka buɗe fili a ƙauyen, wanda ke yankin kawun Buba. 'Yan wasa suka yi layi biyu riƙe da fartanya, su ne manoma, tsakaninsu burtali. Wasu suka ɗaura ƙahon kara, su ne shanu, Buba yana gaba yana rawa da sanda a kafaɗa. Sai wani mai babbar riga ya shigo yana gangara gwangwanin mai, wai tarakta ce. Duk sanda kiɗa ya sauya, sai ya tura layin manoma, hanyar ta ƙara tsukewa. Buba ya riƙa rawa a karkace, ya koma rawa da ƙafa ɗaya, har shanu suka rasa wurin taka ƙasa suka zube cikin gonar wani talaka. Talakan da Buba suka kama kokawa, mai babbar riga ya koma gefe yana cin tsire.

Babu wanda ya yi dariya. Can wani manomi ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi gonata ce wannan! Ni aka ci wa gero bara, na kusa sare mutum, ashe ba shi ya toshe hanyar ba."

Sai wata tsohuwa mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta shigo fili. Ta kama wa Buba waƙa da Fillanci, shi kuma ya tsaya yana zare ido, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba na ji." Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Kunnenka ne ya manta, ƙafarka ba ta manta ba. Taka mu gani." Ya taka, tana waƙa, hawaye na zubo masa. Na waiga na ga Malam Haladu yana share fuska da hannun riga.

Maganar ba ta tsaya a kasuwa ba. Ɗan kwangilar ya kai ƙara, aka kira Malam Haladu Kano. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Sun ce wa ya shirya wasan, na ce ni. Sun ce mun ci mutuncin wani, na ce su faɗa mini sunansa, don mu ba mu faɗa ba." An hana shi ƙarin girma a shekarar, bai taɓa yi mana gori ba. Dagaci kuwa ya tara manoma da makiyaya, aka sake buɗe burtalin, ko da yake bai koma faɗinsa na da ba. Buba bai ƙara karya Hausa a fili ba har ya yi ritaya.

Abin da na koya shi ne, mai wannan aiki yana fita da saƙon ofis, amma mutanen kasuwa ma suna da nasu, kuma wani lokaci ta ƙafar ɗan rawa yake fitowa. Kafin ku sa a yi wa wani dariya, ku tambayi wanda zai sa rigarsa. In kuma Allah ya ba ku maigida irin Malam Haladu, mai tsoro amma ba ya gudu, ku riƙe shi da kyau.