Ranar da na toshe wa ganguna hanci

Abubuwa da yawa sun sulale mini daga kai, tsufa ya kwashe su, amma ranar da na kusa kashe wa surukina sana'a da hannuna, ina ganin gyara nake yi, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A lokacin shekara biyu ke nan da ba mu jiharmu, na taso daga Bungudu na zo Damba, cikin Gusau, in yi wa ɗiyata wankan jego na haihuwarta ta uku. Mijinta mai faci ne a tasha, mutum mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da ni. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa. In ina da magana da shi sai in ce wa ɗiyar, "Ki gaya wa mai gidan nan kaza," alhali yana tsugune yana ji. Haka muka iske ana yi, ni kuwa ba na sassauta abin da na iske.

Kwanana uku da zuwa sai ga amalanke ɗauke da ganguna huɗu irin na badujala, waɗanda 'yan makaranta ke fareti da su. Gwanjo ya saye su, shi da abokansa uku. Babba ɗaya, matsakaita biyu, da wata 'yar ƙarama. Ban taɓa ganin tarkace irin wannan ba. Fatun sun yage, rufin jikin ya ɗaɗɗaye yana reto kamar ɓawon rogo.

Ɗiyata ce ta warware mini zancen. Wani Alhaji mai motocin haya zai aurar da ɗansa a Tsafe, ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zai zo ya ga gangunan, ya kuma ji su. In sun yi masa, su za su yi rakiyar ango, daga nan duk bikin 'yan tasha nasu ne. In ba su yi ba, zai ɗauko makaɗa daga Funtuwa, surukina ya zauna da tarkacensa.

Ni kiɗa bai dame ni ba, amma ba na iya ganin aikin banza in yi shiru. Abin rufi na asali sai Kaduna, tsadarsa ta fi ta gangunan, don haka ya sayo fenti ya shafa wa guda. Damina ce, fenti ya ƙi bushewa, kaza ta bi ta kai ta bar masa gashinta. Sai na ce, "Ki gaya wa mai gidan nan ya bar wahalar da fenti. Ya je kasuwa wurin masu ledar ɗaki, ya roƙi guntayen da suka rage. Ya zo mini da solushan ɗin da yake liƙe taya da shi."

Aikin fata shi ya yi abinsa. Fatar akuya ya samo wurin mahauta, ya jiƙa, ya shafa toka, ya kankare gashin. Ƙaramar kuwa buhun taki ya ninka mata biyu, har yau ina mamakin yadda buhu ke magana. Ya kwance ƙarafan jikin gangunan ya tafi tasha, ya bar ni da rufi.

Ledar ja ce mai furanni ruwan zinare. Na auna da zare, na shanya ta a rana ta yi laushi, na yanka da reza. Na shafa solushan, na bari ya sha iska, na naɗa, na bi da bayan ludayi ina murzawa har ba kumburi ko guda. Shekara arba'in ina ɗinkin ƙwarya da liƙin tulu, ganga ce za ta gagare ni?

Sai dai kowace ganga na iske mata rami guda a gefe, kamar kaurin yatsa. Na ce, kai, gara ba ta da imani. Ban tsaya na tambayi kaina wace irin gara ce mai yin rami guda guda, zagayayye, a wuri ɗaya ba. Na feƙe itace, na dama ƙaro, na toshe su tam, na daidaita fure a kan kowanne don kada a ga tabo.

Da ya dawo ya zauna ɗaura fatu, na gan shi yana shafa jikin babbar, ya zagaya, ya sake zagayawa. Can ya ce, "Inna, sannu da aiki. Sun yi kyau ƙwarai." Yana gamawa na sa aka kai su ɗakin mai jego, inda ɗumin wuta zai busar da fatun, na zauna gadinsu. Sau biyu yana aiko matarsa ta fito masa da guda, ina cewa, "Ki ce masa sai Alhamis, ba na son a taɓa mini aiki." Shi kuwa ba ya iya shiga ɗakin da nake zaune. Ashe so yake ya huda su a ɓoye, kada a ce ya gyara wa surukarsa kuskure.

Alhamis ta zo, Alhaji ya iso. Aka jera ganguna a ƙofar gida, ni ina bayan zana, kusa da murhun ruwan wanka, ina leƙe. Alhaji ya tafa hannu ya ce, "Kai! Waɗanga ganguna ne ko jeren amarya? Ko ba a buga ba na ƙoshi." Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Mai babbar ganga cikin abokan nasa wani tsohon ɗan sanda ne da ya yi badujala a zamaninsa. Ya ɗaga gula ya sauke. Abin da ya fito, kamar an daki katifa. Ya sake, ta sake cewa "dif". Matsakaitan suka shiga, su ma kamar masu mura. Alhaji ya karkata hula ya ce, "Mai faci, ganga na ce ka kawo, ba matashin kai ba. Da wannan zan shiga Tsafe? Ai ko awakin gari ba su waiwayo." Ya fara lalubar makullin motarsa.

Tsohon ɗan sandan ya juya gangar yana dubawa, sai ya daka tsawa, "Wane marar hankali ne ya toshe mata hanci? Ganga ba ta numfashi, da mi za ta yi magana?"

Sai na ji muryar surukina ƙasa-ƙasa, "Ni ne, Baba. Kuskurena ne."

Wallahi da zagina ya yi da bai yi mini zafi haka ba. Na zaro basillata na tura cikin garwashi, da ta yi ja na gyara mayafi na fito, ni da ba na fita gaban maza. Na ce, "Marar hankalin ga ta nan. Ku miƙo." Tsohon ɗan sandan ya rasa inda zai sa kansa, sai "Hajiya, ban sani ba" yake ta yi, ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba. Babu mai iya gano ramukan in ba ni ba, na san furen da na ɗora a kan kowanne. Na soka, leda ta yi ƙauri, na tura itacen ya faɗa ciki. Huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Na dubi surukina kai tsaye, karo na farko tun da ya auri ɗiyata, na ce, "Buga."

Da babbar ta yi magana, a ƙirjina na ji ta. Kaji suka watse, jaririn ya farka, matan unguwa suka fito da guɗa. 'Yar buhun taki ta shiga tana surutu kamar ruwa a kan kwano. Guntayen itacen da suka faɗa ciki suna ta ƙara kamar ƙaraurawa, Alhaji ya ce kada wanda ya ciro su, sun ƙara armashi. Ya ajiye makulli ya shiga taka rawa da babbar riga. Ɗiyata ta rantse ta ga kafaɗata tana motsi. Ni na ce sauro na kora.

Ranar Asabar Alhaji ya aiko a ɗauke ni, a gaban mota aka sa ni har Tsafe, ganguna na bayana suna ƙyalli. Duk inda muka tsaya mata na tambayar inda aka sayo su, tsohon ɗan sandan yana cewa daga Ingila.

Tun daga ranar na san ba kowane rami ne ɓarna ba, wani don numfashi aka bar shi, kuma kafin in gyara abin wani nakan tambayi mai shi. Na kuma gane tsare gidana ya yi yawa, tun da har mutum ya gwammace ya rasa abincinsa da ya ce mini na yi kuskure. Surukina bai daina durƙusawa a bakin ƙofa ba har ya yi furfura, amma ni na daina cewa a gaya masa. In ya gaishe ni sai in ce, "Shigo, akwai abin da na toshe yau?"