Kason Mai Gafaka

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na samu kaina da lokaci mai yawa da ƙaramar rediyo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ba yara umarni, in ya zauna gida babu abin yi, sai ya fara shirya wa duniya tsari. A rediyon nan na ji wai akwai garuruwan da ake gwada ba kowane gida wani abu duk ƙarshen wata, mai hali da marar hali, kuma ba a tambayar kowa abin da zai yi da shi. Ba kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba, cewar da aka yi kowa da kowa ce. In kowa ya karɓa, babu wanda za a nuna da baki a ce ga mabuƙaci.

Ina da dalilina. Layinmu a Gawon Nama gida goma sha bakwai ne, kuma gidan da ke jingine da nawa na wani baduku ne da ya girme ni da 'yan shekaru. Tun muna samari Yaya nake ce masa. Sana'arsa ɗinka gafaka, jakar fatar nan da ake saka Alƙur'ani a ciki. A da har daga wasu garuruwa ake zuwa wurinsa. Da jakunkunan kanti masu zif suka cika kasuwa sai aka daina zuwa, shi kuwa bai daina buɗe shago ba. Kullum da hantsi zai fito da farar riga wankakkiya, ya zauna a bakin shagonsa da basilla da jar fata a cinya, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Matata ce ta ji daga bakin matarsa cewa gafaka ɗaya yake ta juyawa tun bara, kuma sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan. Ta faɗa mini bisa sharaɗin kada maganar ta wuce ni, na kuwa yi mata alkawari.

Ba mutum ne da za ka miƙa wa abu ba. Na taɓa gwada dabara, na je na ce ya ɗinka mini sabuwar gafaka. Ya ɗago ya dube ni.

"Wadda niy yi maka da daɗewa ta tsage?"

Na ce a'a.

"To aje kuɗɗinka. Aikina ba ya mutuwa da wuri."

Saboda haka da na ji zancen rediyo, shi na gani. Na ce in aka raba wa gida goma sha bakwai daidai wa daida, har da ni mai fansho, har da liman, to Yaya zai karɓa kamar yadda ake karɓar ruwan sama, ba wanda zai ce don shi aka yi. Na rubuta tsarin a takarda huɗu da rubutuna mai kyau na tsohon hedimasta. Ƙa'ida ta farko ita ce duk gidan da ke cikin layin yana da kaso, ba a duba halin mai gidan. Saura abu ɗaya ƙanƙani da ban tanada ba, wato inda kuɗin zai fito.

Na fara da ofishin gwamnati. Wani jami'i da ya taɓa zama ɗalibina ya karanta takarda ta farko, ya yaba rubutuna, ya ce in dawo bayan kasafin kuɗi. Na dawo, ya ce in dawo. Daga nan na je wurin wata ƙungiya mai taimakon jama'a. Sun saurare ni da kyau, har da lemo. Suka ce suna son abin, amma sai na kawo sunayen mutane daga wanda ya fi talauci zuwa wanda ya fi sauƙi, da hoton kowa a ƙofar gidansa. Na ce ai gudun haka ne ya kawo ni. Muka rabu da fara'a, ban kuma komawa ba.

Sai na yi tunanin zakka, tunda garinmu ba a rasa masu fitar da ita. Limamin masallacinmu, wanda gidansu gidan karatu ne tun kakanni, ya bar ni na gama bayanina kaf, sannan ya girgiza kai.

"Malam, zakka tana da mutanenta, an riga an ƙayyade su. Ba a ba ni, ba a ba ka kai mai hwansho. In kowa da kowa kaka so, wakafi za ka biɗa. A tsai da wata dukiya, abin da tah haihwa shi shiga gidajen layi har illa masha Allahu."

Shi ne kuma ya ambaci Alhaji. Ɗan layinmu ne, a gabanmu ya tashi, kuma na koya masa lissafi a aji huɗu, bai kuwa iya ba. Ya girma ya zama babban dillalin hatsi, ya koma Tudun Wada, ya gina jerin shaguna yana ba da haya. Liman ya ce zai yi masa shimfiɗar maganar, ni in je in ƙarasa.

Kowa a garin nan ya san yadda ake zuwa wurin mai hali. Bayan la'asar yakan zauna a zaure, mutane su cika, a gaisa, a taɓa zancen farashi da na damina. Ba a nan ake faɗin buƙata mai nauyi ba. Sai ka jira ya miƙe, ka bi shi gefe, ku yi magana ku biyu. Na san wannan sarai, na kuma je da niyyar yin haka. Amma Alhaji bai jira ba. Yana ganina ya ɗaga murya cikin raha, zaure cike da 'yan kasuwa da direbobi da masu jiran nasu rabon.

"Malam, na ji tsarinka wurin liman. To wa aka ba kuɗɗi hakanan, har da masu albashi? Layinmu na san shi gida-gida. Duk azumi ina aika hatsi ga wanda anka rubuto min. Babu mai kwana da yunwa nan."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ma ya yi dariya. Abin da ya kamata in ce shi ne, Alhaji, ma yi magana in ka tashi. Amma ga yaron da na sha gyara wa lissafi yana gyara mini a gaban jama'a, ga kuma aji cike a gabana bayan wata da watanni ban samu aji ba. Na gyara zama.

"Alhaji, wanda anka rubuto maka shi na wanda ya iya roƙo. Akwai wanda ba ya shiga takarda. Akwai mutumin da ka buɗe shago kullum da hwarar riga, yana juya gahwaka guda tun bara, ba wanda yas sa shi, gidanai kuwa tukunya sau guda taka hawa wuta."

Ban faɗi suna ba. Na tuna a lokacin har na yaba wa kaina da hakan. Sai da zauren ya yi tsit na tuna cewa duk faɗin Gawon Nama mutum ɗaya ne ya rage yana ɗinka gafaka.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Shi yay yi min gahwakata ta hwarko," ya ce. "Kyauta."

A zaman nan ya ce ya tsai da shaguna biyu wakafi ga layinmu, a kira liman ya shaida. Aka yi ta kabbara da addu'a. Abin da na yi wata bakwai ina nema ya samu kafin magariba, na dawo gida ina jin kaina. Matata ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata rabi.

Washegari da hantsi, lokacin da layi ya fi cika, wata a-kori-kura ta tsaya a bakin layinmu da buhunan gero da na shinkafa. Direban ya leƙo yana tambaya da ƙarfi ina ne gidan mai gafaka, Alhaji ya ce a kawo masa. Alhaji alheri ya nufa, wannan ban taɓa shakka ba. Yaya yana zaune a bakin shagonsa da basilla a hannu. Ya ajiye ta, ya miƙe, ya yi godiya, ya yi doguwar addu'a, ya nuna zaure aka sauke. Ina tsaye a ƙofata, bai dubi inda nake ba. Kafin la'asar ya auna hatsin nan kaf ya raba wa gidajen layi, bai bar ko tiya ba. Ƙwaryar da aka shigo da ita gidana ta fi ta kowa cika. Matata ta dube ta, ta dube ni, ta gane sauran rabin da ban faɗa mata ba.

Da wata ya ƙare kuɗin haya ya shigo, muka yi yadda na tsara. Ambulan goma sha bakwai iri ɗaya. Liman ya karɓi nasa a gaban jama'a bayan sallar asuba, ni na karɓi nawa, sannan muka bi gida-gida. Da muka zo gidan Yaya, liman ya tsaya baya ya bar ni na yi sallama.

"Yaya, ga na gidanku. Kowa ya amsa, har liman."

Bai miƙo hannu ba. Bai kuma ɗaga murya ba.

"Na ga sun amsa. Suna amsa suna kallon ƙohwata. Kac ce kowa da kowa don kar a san ko don wa anka yi. To an sani, Malam. Mi yar rage?"

Na sha jin kunya a rayuwata, amma irin wannan ban taɓa ji ba. Shi kuwa sai ya tambaye ni ya ciwon gwiwata, ya ce a gaida mutan gida, ya koma ciki.

Daga ranar bai sake buɗe shago ba. A masallaci muna gaisawa cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi kowa nawa da ɗai-ɗai, amma ba ta wuce nan. Wata na biyu da na uku na koma da ambulan, ya yi godiya ya ce a kai inda ya dace. Bayan damina ya kwashe iyalinsa ya koma Wamakko wurin ƙanensa da ke noman rani. Na je sau ɗaya. An karɓe ni da fura, muka yi zancen albasa da ruwan gulbi, na dawo.

Tsarin yana nan yana tafiya, har daga wasu unguwanni ana zuwa tambayata yadda na samu kuɗin. Nakan ce wakafi ne, in yi bayanin shagunan, in tsaya nan. Gidan Yaya kuwa an ba da shi haya ga wani matashi ma'aikacin banki, mai mota da injin wuta. Watan farko ya yi dariya ya ce shi ai ba ya buƙata. Liman ya buɗe masa takardata ya nuna masa ƙa'ida ta farko, da rubutuna. Tun daga nan duk ƙarshen wata ni nake yin sallama a ƙofar nan in miƙa masa, ya karɓa da hannu ɗaya yana waya.