Amyoyi ashirin da uku na Tsvetana

Shekara talatin da ɗaya Tsvetana Gochkova ta yi tana kiwon ƙudan zuma a ƙauyensu da ke gabashin Bulgeriya. Mijinta ya rasu ya bar mata amya tamanin. Da manyan gonakin da ke kewaye suka soma feshin wani maganin ƙwari, sai ƙudan suka riƙa zubewa a bakin amya kamar an watsa hatsi. Bazara uku, saura amya ashirin da uku.

Ba mai zama ta rafka tagumi ba ce. Ta ji an ce dokar feshi daga Tarayyar Turai take fitowa, ita kuwa ta taɓa kaɗa ƙuri'ar Majalisar Tarayyar sau huɗu. Ta bi gida-gida da littafin makaranta, ta tara sa hannu ɗari huɗu da sha biyu na neman a hana feshin. Ƙanin mijinta Stoimen ya ce, "Yaya, ko shugaban ƙauyen nan bai san sunanki ba, balle Brussels." Ta ce ya ji da injinsa da ba ya tashi sai an tura.

Awa talatin da takwas ta yi a mota zuwa Brussels, hedkwatar Tarayyar. Ta isa ginin Majalisa ranar Talata, ta tarar 'yan majalisar suna zaman wata-wata a Strasbourg, can ƙasar Faransa. Wata 'yar ƙasarsu mai share ginin, Radka, ta gane ta da ɗaurin kallabi, ta zaunar da ita, ta gutsura mata burodi da cuku. Radka ta ce ko da ta same su, ba su ne ke fara kawo doka ba, Hukumar Tarayya ce, can wani gini. Ita ma Hukumar, a batun magani sai wakilan ƙasashe sun kaɗa ƙuri'a. Sa hannu kuwa miliyan ɗaya ake nema, daga ƙasashe bakwai, a kan takardar Hukumar ta musamman.

"To wa zan kama, ɗiyata?"

"Kowa na riƙe da ƙafa ɗaya, Inna. Ba mai saniyar."

Ta dawo saura kwana tara a soma feshi. Stoimen bai yi tsokana ba, ya ara babbar mota. Sawu uku suka yi da amyoyin zuwa kan dutse, wajen wata 'yar'uwarta, inda babu gona babu fure sosai. Amya biyu ba su kai da rai ba. Ta kulle gidan da aka kawo ta amarya, ta bi sauran.