Tsakiyar Duniya a Fatar Rago

Bakin Sahabi na manne da ƙafar ragon, kumatunsa sun cika kamar na mai busa algaita, lokacin da autarsa Sadiya ta shigo da kwanon koko. Bai ɗago ba. Ya ja numfashi ta hanci, ya sake turawa, fatar ta soma rabuwa da nama a hankali, yana bubbuga ta da tafin hannu don iska ta zaga.

Haka safiyarsa take tun yana saurayi. Mahauci ne ɗan mahauci a unguwar Runjin Sambo ta Sakkwato, kuma a ɗan ɗakin nan na bayan zaure yake gyara dabbobin unguwa. Yaran yanzu da famfon keke suke hura dabba kafin fiɗa. Shi kuwa ya ce naman da aka hura da famfo ko miya ba ta karɓarsa da daɗin rai.

Bayan hurin, an san shi da magana ɗaya: Sakkwato ce tsakiyar duniya. Makka dai, in ji shi, an cire ta, ba a sa ta a musu. Hujjarsa ba ta da wuya. Fita fili ka ɗaga kai, ka ga yadda sama ta kife a kanka kamar ƙwarya, gefenta ya sauka daidai ta gabas da yamma, kudu da arewa. Yana zuwa kasuwar Achida da ta Illela sayen dabbobi, amma bai taɓa yarda ya kwana can ba. Fatun da ya feɗe sun yi tafiya ƙasashen da bai san sunansu ba, sun zama takalma da jakunkuna, shi yana nan inda aka haife shi.

Sai ga Sadiya. Ta gama karatun sararin samaniya a jami'a, an kira ta Afirka ta Kudu, inda ake da manyan na'urorin hangen taurari, kuma ranar Juma'a ake son amsarta. Mahaifiyarta Inno ta yarda tuni. Sahabi bai ce i ba, bai ce a'a ba. A fili cewa yake, wanda ke tsakiya me zai je nema a gefe? A zuci kuwa tsoro yake kada yarinyar ta yi nisan da kira ba ya kaiwa.

"Baba, dakata," ta ce, ta ajiye kwanon. "Kak ka ƙara huri tukuna."

Ya danne bakin ramin da yake hurawa da babban yatsa. "Ke, ragon sunan jikan abokina Illo na, ba allon makarantarku ba. Mutane na jiran nama."

Ta durƙusa. Farin rago ne mai baƙaƙen ɗigo warwatse a jiki. Ta karyo tsinken tsintsiya.

"Wanga ɗigon, mu ce Sakkwato na."

"A'a. Zaɓi babban."

Ta koma kan babban, tana danne dariya. "To wanga Kano."

"Ƙaramin ya ishe su."

"Wanga na wajen haƙarƙari kuwa, can inda anka kira ni."

Ta auna tsakaninsu, ta karya wa kowace tazara tsinkenta. Ta ce ya hura. Ya hura, ya buga, ya sake hurawa, har ragon ya cika ya yi tim, ƙafafunsa suka miƙe sama. Ta mayar da tsinken tsakanin Sakkwato da Kano. Bai kai ba. Na haƙarƙari ma ya gaza, fiye da na farko.

Sahabi ya buga cinya da hannunsa ɗaya. "Kin gani! Kowa ya ja baya daga Sakkwato. Abin da nika faɗi tun ba a haihe ki ba. Mu at tsakiya!"

"To yanzu zauna Kano, Baba."

"Allah shi kiyaye."

"Na ɗan lokaci dai."

Ta ɗora yatsansa a kan ƙaramin ɗigon. Daga nan ma, Sakkwato ta ja baya, na haƙarƙari ya ja baya, har wani ɗigo na wuya da ba su sa wa suna ba. Ta ce masa haka taurari suke, garke-garke, kowane garke ya fi ƙarfin ƙirga. A kan duk wanda ka tsaya, sai ka ga saura suna nisantarka, na nesa sun fi sauri. Ba gudu suke ba. Shimfiɗar da suke kai ce ke buɗewa.

"To tsakiyar na cikin tumbi ke nan," in ji shi.

"Mu bisa fata muke, Baba. Babu mai zama cikin tumbi."

"Bakin mai hurin fa?"

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. "Nan misalina yaƙ ƙare. Iyakar abin da na'ura ta gani ke nan."

"Allah masani," ya ce a hankali.

Daga titi ana jin ƙarar Keke Napep da kiran mai ƙosai, hasken hantsi ya ratso taga ya kwanta a kan farar fatar. Ya buɗe tafinsa, babban yatsa a Sakkwato, ƙarami a haƙarƙari. Da ƙyar suka kai. Amma tsakaninsu babu tsaga, babu ɗinki, fata ce ɗaya. Ya ɗan ɗalli babban ɗigon da farce, sai ya ga na haƙarƙarin ya girgiza, kamar an buga kalangu. Ya sake. Ɗigon ya sake girgizawa. Raguna nawa suka wuce ta hannunsa, bai taɓa lura ba.

"Wato in kin tahi can, ke ma tsakiya kike?"

"Awo, Baba."

"Kuma ba a tsige Sakkwato ba?"

"Ba a tsige ta ba."

"Kanawa fa?"

"Su ma."

"Wanga kaɗai na bai yi min ba," ya ce, dariya ta kufce masa, irin wadda ke girgiza kafaɗa. Ya ɗauki kokon da hannu ɗaya ya shanye, duk da ya huce.

"Gaya musu kina tahe. Ni ka yi miki kilishin guzuri da hannuna, don mutanen waccan tsakiyar su san abin da wagga ta iya. Kuma kullum Juma'a in ji muryarki."

Idanunta suka ciko. Sai ya kama hannunta ya danna yatsanta a kan ramin ƙafar ragon.

"Riƙe nan, kada iska ta hita. Sai Illo ya zo ya gani da idonai. Shekara da shekaru yana min gardama."

"Baba, fiɗar fa? Mutane na jira!"

"Su jira."

Ya goge hannuwansa a gefen riga, ya zura takalma ɗaya daidai ɗaya a karkace, ya sunkuya ya fita ta ƙaramar ƙofar, yana ƙwala wa Illo kira tun bai kai zaure ba.