Kusurwar Allon Malam Mu-duba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, ina tsakiyar darasi, mataimakin shugaban makaranta ya leƙo ta taga ya yafito ni. A bakin ƙofa ya shaida mini Allah Ya yi wa tsohon malaminmu na ilimin halittu rasuwa a asibiti, bayan jinya. Na koma aji, na kasa ƙarasa maganar da na fara.

Malam, ɗalibai kaɗan ne suka riƙe sunanka na yanka. Malam Mu-duba muke ce maka a bayan idonka, ka kuma sani, ba ka taɓa damuwa ba. Halinka ne ya jawo maka sunan. Duk yaron da ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinka, sai ka ce ba ka sani ba, mu duba. Ka ɗauki alli ka rubuta ta a kusurwar allo ta dama, tare da sunan mai ita, ka zagaye. Mai goge allo ya san iyakarsa. Tambayar ba ta barin wurin sai an samo amsa, wata har ta cinye zango guda. Akwai ranar da mai duba makarantu ya zo ya ga kusurwar, ya ce wannan ai tallar jahilci ce a gaban yara. Cikin ladabi ka miƙa masa allin, ka ce dama taimako kake nema, ga shi Allah Ya kawo shi. Mutumin ya dubi agogonsa, ya tuna akwai wani ajin da ke jiransa.

Ina cikin waɗanda suka fi kowa dariya a ranar, sai ga shi na girma na zama irin mai duban. Ni na gaji ajinka da allonka, har da kujerar nan taka mai gurguwar ƙafa. Ina da takardun shaidar da ba ka da su, ina da bakin da ba ya rasa abin faɗi. In yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba, nakan lulluɓe shi da manyan kalmomi har ya gyaɗa kai don ya huta.

Ana saura 'yan kwanaki ka rasu na je duba ka. Na tarar kana tambayar ma'aikaciyar jinya yadda take daidaita ɗigon ruwan da ake ƙara maka, tana bayani, kana saurare kamar ɗan aji ɗaya. Da ta fita ka juyo ka tambaye ni abin da ke rubuce a kusurwar allo yanzu. Na ce babu komai, har da 'yar taƙama na faɗa.

Sai ka ce, "To, ɗana, ko dai ka san komai, ko kuwa yaran sun daina tambayarka."

Da faɗa ka yi mini, da ya fi mini sauƙi. Na fito daga ɗakin kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da iyalinka da ke zaune a baranda. Na yi niyyar in dawo maka da wata amsar, Allah bai nufa ba.

Jiya wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu a tsorace. Ta tambaya me ya sa in mutum ya ga wani yana hamma shi ma sai ya yi. Bakina har ya ɗauko irin bayanin da ya saba, na haɗiye shi da ƙyar. Na ce ban sani ba, mu duba. Wani a ajin ya ƙyalƙyale da dariya. Na rubuta tambayar a kusurwarka, na sa sunanta, na zagaye. Kafin in ajiye allin wasu hannayen sun tashi. Ashe tambayoyin suna nan jibge tun tuni, ni ne na hana su fitowa.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sa ilimin da ka bari ya riƙa iske ka. Ya sauƙaƙa maka tambayar kabari, Ya tabbatar da harshenka a kan amsarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da duk wanda sunansa ya taɓa hawa kusurwar allon nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata tamu in ta zo, amin.